Kuɗin asusun zaure: nas biyu za mu karantar, ko mutum talatin za mu horar?

Alhaji Sani (Ma'aji): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na rufe lissafin gudummawar bayan Sallah. Da abin da aka tara a nan Kumasi, da abin da 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka suka turo, asusu ya kai sidi dubu 92. Tun zaman da muka yi a Aboabo mun tsayar da magana cewa kuɗin bana na yaranmu ne, masu shaye-shaye da waɗanda kansu ke taɓuwa. Yadda za a kashe shi ne ba mu tsayar ba. Shawara biyu ke gabana. Awudu ya ce a zaɓi yara biyu 'yan zango a biya musu karatun nas na lafiyar ƙwaƙwalwa. Malam Iliyasu ya ce a tara malaman makaranta da shugabannin bes, wato majalisun da samari ke zama a unguwa, da mata masu faɗa a ji, kamar mutum talatin, a ba su horo. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma don Allah da ladabi. Wanda ya kawo siyasa zan goge saƙonsa.

Awudu Boga: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ni maganata ba ta da kwana-kwana. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku ne a duk Ghana: na Accra da aka buɗe tun 1906, da Ankaful kusa da Cape Coast, da Pantang. Dukansu suna kudu, can wajen teku. Mu a Kumasi sashe ne kawai muke da shi a Komfo Anokye da Tafo da wasu asibitoci. To a cikin masu aiki a wuraren nan, mutum nawa ne za su zauna da yaron Sawaba su yi masa magana da harshen da yake mafarki da shi? Mu yi namu. Karatun nas shekara uku ne, ba shekara talatin ba. In mun fara da biyu bana, baɗi mu ƙara biyu, nan da shekara goma muna da mutanenmu a ciki.

Malam Iliyasu Ticha: Nan da shekara goma yaran da nake koyarwa yanzu sun gama lalacewa, Awudu.

Awudu Boga: Kuma taron kwana uku ne zai hana su lalacewa?

Sista Rabi: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi haƙuri, sai yanzu na sauka daga aiki. Tunda sana'ata ce ake magana a kai, bari in ɗan tsawaita.

Maganar harshe da Yaya Awudu ya kawo gaskiya ce, kuma ta fi yadda yake zato nauyi. Ciwon ƙwaƙwalwa ba zazzaɓi ba ne da za a ɗebi jini a gano. Kayan aikinmu baki ne da kunne. Abin da nake gani a wurin aiki ke nan: a kawo yarinya 'yar shekara 16, ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta, dare ya yi ba ta barci. Turancinta kaɗan ne, Twi ɗinta na cinikin kasuwa ne. Ma'aikacin da ke kan tebur ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbani. Sai a ce wa wanda ya rako ta, kawu ko yaya, ya fassara. A tambaye ta ko akwai mai takura mata a gida. Kawun ya juya ya ce mata, "Wai ana tambaya ko muna zaluntarki." Ita kuma ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta, ta ce babu. A rubuta babu a takarda, a ba ta maganin barci, su tafi. Sau da yawa in na ce kowa ya fita, na ja kujera kusa da ita na ce "ƙanwata, me ke faruwa?", abin da ke fitowa ba shi da alaƙa da abin da ke cikin takardar. Wani lokaci ma wanda ya rako ta shi ne matsalar.

Saboda haka ina son a sami 'yan zango a aikin nan, kamar yadda Yaya Awudu ke so. Inda na rabu da shi shi ne tunanin cewa rashin masu karatun ne ya tsaida mu. Ankaful da Pantang suna yaye nas duk shekara. Kwalejin Kintampo tana yaye jami'an lafiyar ƙwaƙwalwa masu shiga cikin al'umma. Mutum ya gama, ya ci jarrabawar lasisi, ya yi shekarar bautar ƙasa, sannan ya koma gida ya zauna jiran a ba da izinin biyan albashi kafin a tura shi aiki. Jiran nan yana ɗaukar shekaru. In kuma an tura shi, ba mu ke zaɓar inda za a kai shi ba. Wanda ya samu ƙwarewa kuma, Ingila na buɗe da baki tana jira. A cikin waɗanda muka gama tare, da yawa suna can.

Zuwera: Anti Rabi, kamar da ni kike. Ni na karanta wannan fannin. Lasisina na nan cikin jaka. A yanzu haka da nake rubutu ina zaune a rumfar MoMo ta yayana a Asawase, ina tura wa mutane kuɗi.

Hajiya Mariya: Innalillahi. Zuwera, ashe ke ce nas ɗin? Ni duk zatona karatun ne bai yiwu ba, shi ya sa ban taɓa tambayar Mmanki ba don kada ta ji nauyi.

Zuwera: Ya yiwu Hajiya. Mu uku ne da na sani tsakanin Aboabo da Moshi Zango, duk fanni ɗaya, duk a gida.

Awudu Boga: To sai a rubuta yarjejeniya. Duk wanda muka biya wa, ya sa hannu zai yi wa zango aiki shekara biyar kafin ya je ko'ina. Iyayensa su tsaya masa, Sarkin Zango ya shaida.

Baba Issaka: Awudu ɗana, na yi shekaru a aikin ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, bari in gaya maka inda yarjejeniyarka za ta karye. Yaron zai sa hannu da zuciya ɗaya. Amma ranar da takardar aiki ta fito aka ce Bawku ko Sefwi, me zai yi? Ya ƙi zuwa don ya yi mana alkawari, ya rasa albashin gwamnati? Mu za mu biya shi? Kuma in ya tafi Ingila, wa zai kai ƙarar ɗan maƙwabcinsa kotu? Kai kanka ka sani, Alhaji Sani ba zai iya ba, ni ma ba zan iya ba. Uwarsa za ta zo da kuka, a ce a yafe.

Awudu Boga: Baba, in ya tafi Bawku ai can ma 'yan'uwanmu ne. Ba asara ba ce.

Baba Issaka: Ba asara ba ce wurin Allah. Amma ba abin da matan Aboabo suka cire daga cinikin koko suka bayar dominsa ba ke nan.

Malam Tanko: Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa. Ni tambayata ga Malam Iliyasu ce. Horon nan da za a ba malamai, me za a koya mana? A koya mana cewa babu aljani, babu sammu, babu kambun baka? In haka ne ku bar kuɗinku. Yaro in ya fara surutai da dare, ba asibiti ake fara kai shi ba, zaurena ake kawo shi, ko zauren wani irina. Ƙarfe biyun dare ake buga mana ƙofa, ba ma tambayar kati, ba ma cewa a dawo ranar Talata. Sai ga shi duk lokacin da 'yan boko suka zauna, mu ne matsalar.

Basit Pragya: Malam, da girmanka, wasu malaman matsala ne. Abokina an ɗaure shi da sarƙa a wani gida wata huɗu, ana dukansa wai aljanin ake duka. Da ya fito ƙafarsa duk gyambo. Ƙwaya ce fa ta taɓa shi, duk bes mun sani.

Malam Tanko: Ni ban taɓa sa wa ɗan kowa mari ba, kuma wanda ya yi zai amsa a gaban Allah. Amma Basit, ka tambayi kanka me ya sa iyayensa suka kai shi can. Yaro ya ɗauki adda yana bin uwarsa, gida ɗaki biyu, mutum goma sha. Ina za su kai shi a daren?

Sista Rabi: Malam, Allah ya ƙara girma. Ba wanda zai zo ya ce maka ka bar ruƙiyya, ni kaina da ayatul kursiyyu nake fita aiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, wadda ake kira Act 846, ita da kanta ta san da zaman masu maganin gargajiya da na addini, ta ce a yi aiki da su. Abin da ta hana shi ne azabtarwa, kuma a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta sake fitowa ta jaddada haramcin ɗaure marar lafiya da sarƙa. Ba a zango kaɗai ake yi ba, sansanonin addu'a na coci-coci sun fi yin suna a kai, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kansu a 2012.

Abin da nake so malami ya iya shi ne rarrabewa. Yaro ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita, wannan farfaɗiya ce ko ƙwaya mai ƙarfi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a kawo shi. Yaro ya rikice tare da zazzaɓi mai zafi, wannan gaggawa ce, yana iya zama maleriya ta hau kai ko sanƙarau, awa ɗaya ma tana da tsada. Yaro ya ce rayuwa ta ishe shi, ya fara raba kayansa, kada a ce masa kawai ya ji tsoron Allah a sallame shi, a zauna da shi a kira mu. Ka yi masa tofi, ka ba shi rubutu, amma ka buga waya. Kuma in mun ba shi magani, kada a ce ya ajiye sai an gama addu'a. Nan ne muke yawan rasa su.

Malam Tanko: In wannan ne, ba ni da ja. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Amma 'yata ki amsa mini wannan. Maganin naku me ya sa yake mayar da yaro kamar gunki? Na ga wanda aka dawo da shi wuyansa ya sanƙare, yawu na zuba, harshe ya yi nauyi. Uwarsa ta zubar da maganin a kwata, kuma ban ga laifinta ba.

Sista Rabi: Yana faruwa Malam, musamman da tsofaffin magunguna masu araha irin su haloperidol da chlorpromazine. Akwai ƙwayar da ake haɗawa da su ta warware sanƙarewar, ko a rage yawan maganin, ko a canza. Gyaran minti goma ne in an dawo. Matsalar ba wanda ya gaya wa uwar cewa hakan na iya faruwa, kuma ba wanda ya biyo ta gida bayan mako ɗaya ya ga yadda ake ciki. Aikin da babu mai yi ke nan.

Basit Pragya: Ni dai ku ji ta bakin 'yan bes, tunda kowa na magana a kanmu. Ba wanda ke shan ja, wato ƙwayar tramadol, don ya haukace. Ka karɓi pragya, keken haya mai ƙafa uku, hannun maigida, kullum da yamma yana jiran kuɗinsa, ko an yi ruwa, ko 'yan sanda sun tsare ka rabin yini. Ka fito tun asuba, daga Aboabo zuwa Kejetia, Kejetia zuwa Sawaba, bayanka kamar zai tsage. Wani ya ce jefa rabin wannan a lemon ƙara kuzari ka girgiza. Ranar ka yi aiki har sha ɗayan dare ba ka ji komai ba. Bayan wata biyu rabi ba ya yi. Bayan wata shida in ba ka sha ba hanci na yoyo, jiki na ciwo, ba ka iya ko tada injin. Masu ɗaukar kaya a Akwatia Line da yaran gareji a Magazine duk labarin ɗaya ne. Yanzu in kuka aiko mana da wani alhaji ya zo ya yi wa'azi, za mu ba shi benci mu zuba masa ataya, ya tafi a ci gaba. Wanda za mu saurara shi ne wanda ya san abin da zai ba mutum a kwana ukun farko da ya daina, lokacin da jiki ke neman kashe shi.

Hajiya Mariya: Allah ya shirya mana ku, Basit. Kai dai ka daina ko?

Basit Pragya: Hajiya, a bar wannan a zaure. Zan zo cin wake da shinkafa mu yi magana.

Zuwera: Abin da Basit ya faɗa daidai ne a likitance. Tramadol da hukumar abinci da magunguna ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100. Wanda ke yawo a unguwa 120 ne, 225, har 250, shigo da shi ake yi ta ɓoye. Shi ke jawo faɗuwar nan kamar farfaɗiya. Kuma tsoron kamu na hana yara zuwa asibiti, alhali dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta sassauta wa mai sha, ta fi ɗaukarsa a matsayin mai bukatar magani, ta bar tsananin ga mai sayarwa. Yawancinsu ba su san da wannan ba.

Hajiya Mariya: Ni kuma ina tambaya, duk maganar nan ta maza ce? Yarinya ta haihu tana shekara 17, ta zauna a ɗaki tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar jaririn, mu ce mata rashin godiyar Allah. Ko yaran nan kayayo, 'yan mata masu dako a kasuwa, da ke kwana a barandar shaguna, su wa ke tambayar abin da ke ransu? In za a yi horo a sa mata, masu wankan jego da masu kitso da shugabannin adashi. Abin da yarinya za ta faɗa tana durƙushe ana mata kitso ba za ta faɗa wa liman ba. Sannan kuɗin magani. Ɗan ƙanwata allurar wata-wata ake masa, watan da babu kuɗi sai ciwon ya dawo.

Sista Rabi: Hajiya, a sabunta masa katin inshorar lafiya. Tun watan Nuwamba na 2024 an sa cututtuka huɗu na ƙwaƙwalwa cikin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS: ciwon damuwa mai tsanani, ciwon fargaba, ciwon da ke sa mutum hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, da wanda ke sa jin muryoyi da ganin abin da babu. A takarda kuma dokar 2012 cewa ta yi maganin ƙwaƙwalwa kyauta ne. A aikace wani lokaci za a ce maganin ya ƙare a rubuta miki ki saya a waje. Amma da kati ya fi babu.

Malam Iliyasu Ticha: Na gode da Hajiya ta faɗaɗa maganar, don ni ma ba malamai kaɗai nake nufi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani nau'i. Ku lissafa da ajin da ke da yara sittin. A makarantu akwai malamin da aka ba aikin ba da shawara, amma shi ma yana da darussansa cike, ofishinsa kuma sau da yawa kusurwar ɗakin malamai ce inda kowa ke ji. Wane yaro zai je can ya ce yana tunanin kashe kansa? Har zuwa 2023 ma yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar ƙasar nan, sai a shekarar majalisa ta cire shi. Mutane da yawa har yau suna ɓoye yaro don tsoron 'yan sanda.

Kuma ba ni na ƙirƙiro horar da mutanen gari ba. A Zimbabwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki, har wasu ƙasashe suka ɗauka. Mu da muke da benci a ƙofar kowane gida.

Sista Rabi: Malam Iliyasu, ina tare da kai, amma ka faɗi ɗaya rabin labarin. Tsofaffin nan ba kwana uku aka yi musu aka sallame su ba. Akwai masu duba aikinsu a kai a kai, akwai inda suke tura wanda ya fi ƙarfinsu. Mu kuwa mun san irin namu taron: a kama zaure, a buga riga mai rubutu, a raba shinkafa a roba da kuɗin mota, a ɗauki hoto da takardar shaida, shi ke nan. Bayan wata uku ka tambayi mutum abin da ya koya, sai ya nuna maka rigar. Mafi muni ma wanda zai fito yana ganin ya zama likita, ya fara gaya wa mutane su daina magani. In horo ne ba mai bibiya, gara a ba Yaya Awudu kuɗin.

Awudu Boga: Yawwa. Allah ya yi miki albarka.

Baba Issaka: Kafin ku raba kuɗin, ni abin da ke ci mini rai daban ne. Dokar 2012 ta kafa asusun lafiyar ƙwaƙwalwa, aka yi ta maganar harajin da zai riƙa cika shi, shekaru suka wuce ana magana. A 2017 aka kafa Asusun Raya Zango da doka, har da ma'aikata sukutum, wadda aka rushe a 2021. An yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba, an yi fitilun titi, ban ce ba su da amfani ba. Amma wa ya taɓa zuwa da takarda a hannu ya ce ga yara biyar, a biya musu karatun lafiyar ƙwaƙwalwa daga asusun nan? Mu ba mu nema ba. Sidi dubu 92 ɗinmu ba zai yi aikin gwamnati ba. Ya kamata ya zama abin da za mu nuna mu ce ga namu, ina naku.

Awudu Boga: Baba ai waɗanda suka rushe ma'aikatar su ne

Alhaji Sani (Ma'aji): Awudu na goge sauran. Na faɗa tun farko.

Awudu Boga: Tuba nake Alhaji.

Hajiya Mariya: Ni ban yi boko ba, amma ina ganin kuna neman abin da ke hannunku. Ga Zuwera da 'yan'uwanta biyu, an riga an karantar da su, iyayensu sun riga sun biya. Me zai hana a ba su ɗan alawus duk wata su yi mana aikin nan kafin gwamnati ta kira su? Su horar da mutanen Malam Iliyasu, su kuma riƙa bin su.

Malam Iliyasu Ticha: Hajiya kin gama magana.

Zuwera: Ni a shirye nake, wallahi zaman rumfar nan ya ishe ni. Amma a san iyakata. Ba ni da ikon buɗe asibiti a ɗaki ko rubuta magani da kaina. Abin da zan iya: in zagaya gidaje, in gane wanda ke bukatar asibiti in raka shi, in fassara masa ba tare da danginsa a ɗakin ba, in koma bayan mako in ga ko yana shan magani da yadda yake karɓarsa. Kuma dole a yi shi da sanin ofishin lafiya na Asokore Mampong, a ƙarƙashin wani babba mai aiki, in ba haka ba lasisina na cikin haɗari.

Sista Rabi: Haka ne. Akwai jami'in da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a matakin ƙaramar hukuma, ta wurinsa za a bi. Akwai kuma littafin horo na Hukumar Lafiya ta Duniya, mhGAP, wanda ma'aikatan lafiya ke amfani da shi a nan, da ɓangarensa na mutanen gari, ba sai mun ƙirƙiro namu ba. Zan iya ba da yammacin Asabar biyu a wata in zauna da su mu bi matsalolin da suka tarar. Kada a ba ni ko pesewa. Amma talatin sun yi yawa. A fara da goma sha biyu waɗanda za su jure, rabi mata.

Awudu Boga: Ban ƙi ba, amma ku ji tsorona. Ranar da takardar Zuwera ta fito ta tafi, ko ranar da dubu 92 ta ƙare, me ya rage? Alawus cinyewa ake yi. Karatu shi ke zama. Kuma ku duba sama: likitan ƙwaƙwalwa sai ya yi shekara shida a makarantar likita, biyu na gwaji, sannan aƙalla uku na ƙwarewa. Masanin halayyar ɗan Adam mai duba marasa lafiya sai ya yi digiri na biyu, kamar a Jami'ar Ghana da ke Legon. In ba mu fara tura namu yanzu ba, har abada muna ƙasa muna rakiya da fassara, wasu na yanke hukunci a kan yaranmu. Ni abin da na turo da niyyar karatu na turo shi, kuma waɗanda na karɓo wa a Hamburg haka na gaya musu.

Baba Issaka: Wannan magana ce mai nauyi, niyyar mai bayarwa ba a wasa da ita. Alhaji, nawa ne ya zo daga Hamburg?

Alhaji Sani (Ma'aji): Dubu 31.

Baba Issaka: To a ware shi. Amma Awudu, maimakon sabon shiga da zai fara daga tushe, a nemi wanda ya riga ya yi digirin farko a ilimin halayya yana zaune, a taimaka masa da na biyu. Ya fi kusa. Sauran dubu 61 a yi shawarar Hajiya. Ni kuma zan rubuta takarda zuwa Asusun Raya Zango da ofishin ɗan majalisarmu, in Malam Tanko zai samo mana sa hannun limamai.

Malam Tanko: Zan samo, amma da sharaɗi. A cikin sha biyun nan a sa malamai aƙalla uku, kuma a yi zaman bayan la'asar, ba lokacin da yara ke makaranta ba. Sannan lambar da za a ba mu ta zama wadda ake ɗauka da dare.

Zuwera: Mu uku za mu riƙa karɓa-karɓa, Malam. Sai dai a saya mana layi daban, ba nawa na MoMo ba.

Basit Pragya: 'Yan bes fa? Ko mu marasa lafiya ne kawai a lissafin?

Sista Rabi: Kawo biyu. Amma waɗanda sauran ke jin maganarsu, ba waɗanda suka fi surutu ba.

Awudu Boga: Sai na koma wa mutanen Hamburg da maganar digiri na biyu, ban yi alkawarin za su yarda ba. Wasunsu sun riga sun sa ran 'yar wani ce za a tura Pantang.

Hajiya Mariya: Au, ashe da 'yar wani a ƙasa.

Awudu Boga: Hajiya ba haka nake nufi ba.

Alhaji Sani (Ma'aji): Ya isa. Ba a fitar da ko sidi ɗaya sai an zauna ido da ido. Lahadi bayan azahar a makarantar Malam Tanko. Zuwera ki zo da 'yan'uwanki biyu da takardunku, ki kuma rubuto abin da kuke ganin zai ishe ku na mota da waya a wata. Sista Rabi ki nemo mana ranar da jami'in zai iya ganinmu. Awudu za mu kira ka ta bidiyo, ka tabbata ka ji ta bakin mutanenka kafin nan.